AUREN ƘETARE: SHINGEN NA TURAWA NE, AMMA WAHALAR TA MATA DA 'YA'YA CE

Abin farin ciki ne ganin yadda auratayya ke ƙara yawa tsakanin 'yan uwa matasa na wannan ƙasa da 'yan uwa mata na maƙwabta. Wani karatu ya kai shi Khartum ya dawo da iyali, wani fatauci ya kai shi Maraɗi ko Damagaram ya ga 'yar mutunci ya nema aka ba shi, wani kuwa a wajen taron Mauludi ya haɗu da wani dattijo daga zangon Kumasi ko daga Garwa, zumunci ya ƙullu har ya kai ga ɗaurin aure. Wannan ba baƙon abu ba ne a Musulunci, bil hasali ma shi ne asali, domin Allah (T) Ya sanar a Suratul Hujurati cewa hikimar rarraba mutane ƙabila-ƙabila ita ce su san juna, fifiko kuwa na taƙawa ne.

Sai dai akwai wata magana da ta yi yawa a bakin samari, wadda ya zama wajibi jaridar nan ta tsaya a kanta. Da zarar an ce wa ɗan uwa ya nema wa matarsa takardu, sai ya ce ai aure ya ɗauru tun da akwai waliyyi da sadaki da siga a gaban shaidu, sauran kuwa tarkacen ɗagutu ne, shi ba ruwansa. Rabin maganar gaskiya ne, babu mai ja da ita: aure ya ɗauru, kuma babu wani hatimi na wani ofis da zai ƙara masa halasci ko ya rage. To amma tambaya a nan ita ce, ranar da aka tare mota a shinge aka ce kowa ya fito da katinsa, wa ake saukewa? Shi mai maganar yana da katinsa a aljihu. Wadda ake saukewa ita ce baiwar Allah da aka ɗauko daga gaban iyayenta, da goyo a bayanta.

Babu wanda zai koya wa ma'abota wannan jarida cewa waɗannan iyakoki ƙarya ce. Turawa ne suka zauna a Balin a 1884 zuwa 1885 suka shata ƙa'idar yadda za su yi wawason Afirka, sannan Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a 1890, suka yi ta ja-in-ja suna gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, har aka sami wannan iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500 da ta raba wa da ƙani. Har gobe sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake ce mata, ta Tsibiri kuwa Sarkin Gobir. Shi kansa Mujaddadi Shehu Usman Ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi, wadda a yau take cikin Nijar, kuma har Agadas ya bi malaminsa Malam Jibrila neman ilimi. Ke nan da a yau ne, da sai wani yaro mai kaki ya tsayar da Shehu a Illela ya tambaye shi izinin zama! Haka jama'ar da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu, jikokinsu a yau Sudanawa ne a takarda, alhali Hausa da Fulatanci suke yi a gida.

Duk wannan haka yake. Amma sanin cewa shinge zalunci ne bai taɓa ɗage shinge ba. Yana nan a Jibiya, yana nan a Illela da Kwangwalam da Maigatari da Kamba, kuma tarihi ya nuna cewa duk ranar da mahukunta suka so huce haushinsu, kan raunana marasa takarda suke fara sauka.

A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa izinin zama kwana 14 su fice, aka kwashi mutanen zango da aka haifa a can, waɗansu ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato da idonsu ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan, ta kori baƙi fiye da miliyan 1, har da 'yan ƙasashen ECOWAS, alhali tun 1979 aka sa hannu a yarjejeniyar walwalar jama'a. A 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunan El-Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 an kuma rufewa, sai Maris na 2024 aka buɗe. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta akwai matan da iyayensu suka yi jinya har suka rasu ba su sami zuwa ba. In kuwa wani yana ganin shi ya fi ƙarfin a taɓa iyalinsa, to ya tuna da Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno, wanda a Janairun 1980 aka ɗauke shi aka tsallaka da shi Chadi da sunan wai ubansa ɗan can ne. Sai da kotu ta shiga tsakani kafin ya dawo gida. In an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga matar mai shayi?

Yanzu ma wani sabon al'amari ya shigo. A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A sanarwar da ƙungiyar ta fitar a lokacin, ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan waɗannan ƙasashe, a bar su su yi zirga-zirga da zama kamar da, har sai an ji wata sanarwa. Mai hankali ya san abin da aka ce "har sai an ji wata sanarwa" aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

To mene ne ya kamata ɗan uwa ya sani, ya kuma yi?

Na farko, shaidar auren kanta. Dokar ƙasar nan ta san da auren Musulunci a matsayin cikakken aure, saboda haka abin da ake bukata shi ne a rubuta shi. A karɓi takarda daga masallacin da aka ɗaura, da sunan waliyyi da wakili da shaidu da adadin sadaki, abin da aka bayar da abin da ya rage ajalan, sannan a kai ta kotun Musulunci ko ƙaramar hukuma a sami ta hukuma mai hatimi. In za a yi amfani da ita a wata ƙasa, sai an kai ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja an tabbatar da ita, sannan ofishin jakadancin ƙasar. In kuwa a Nijar aka ɗaura, a je ofishin magajin gari a rubuta shi da wuri, domin akwai wa'adi, in ya wuce sai an bi ta kotu. Wanda ke ganin rubutu bidi'a ce ya koma ya duba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ya ga a kan me ta sauka. A kan rubuta bashi ta sauka. In an yi umurni da a rubuta bashin 'yan dirhamomi don gudun mantuwa da musu, yaya ga sadakin da ya rage a wuyan miji, da nasabar 'ya'ya, da gadon marayu?

A nan akwai wani rami da 'yan uwa da yawa ke faɗawa ba su sani ba. Sai wani ɗan kamasho ya ce wa mutum ai ofishin jakadanci ba ya karɓar takardar malamai, gara ya je ofishin rajistar aure a ɗaura masa na kotu. Wannan auren rajista yana ƙarƙashin Dokar Aure ce da Turawa suka bari tun 1914, wadda aka gina kan tsarin mace ɗaya. Wanda ya sa hannu a cikinta, sannan ya ƙara aure bisa al'ada alhali na farkon yana nan, dokar ta tanadar masa ɗaurin shekara 5. Saki kuma ya fita daga hannunsa, sai Babbar Kotu ta raba, kuma ko rabon gadonsa yana iya shiga rikici bayan ransa. Ke nan don gudun wahalar wata guda mutum ya ɗaura wa kansa igiyar da ba Shari'a ce ta ɗaura masa ba. Kada ɗan uwa ya sa hannu a irin wannan takarda sai ya zauna da malami da kuma lauya Musulmi mai tsoron Allah sun warware masa abin da ke ciki.

Na biyu, izinin zama. 'Yar ƙasar ECOWAS, kamar Gana ko Benin, tana shigowa ba biza, amma kwana 90 kawai yarjejeniyar ta ba ta. Bayan haka sai an je hukumar shige da fice an karɓi katin zama. Wadda ta fito daga wajen ƙungiyar, kamar Sudan ko Masar, sai da biza, sannan katin zama na baƙi da ake kira CERPAC, wanda a ƙarshen 2018 aka ɗaga kuɗinsa daga dalar Amurka 1,000 zuwa 2,000. A tsarin da aka daɗe ana aiki da shi, matan 'yan Nijeriya suna cikin waɗanda aka ɗauke wa wannan kuɗi, amma da sharaɗin a kawo shaidar aure. Ga inda takardar da aka raina take ceton dukiya mai yawa. Wanda ya ga yadda ɗalibai suka kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023, ana tantance fasfo ɗaya bayan ɗaya, ya ƙiyasta halin wanda ke tare da mata Basudaniya ba shi da abin nunawa sai rantsuwa.

A kula kuma da rubutun suna. Takardar Nijar ko Chadi ko Kamaru da Faransanci take, ta Sudan da Larabci. Sunan da nan ake rubutawa Aisha Usman, can Aichatou Ousmane ne. Waɗansu ma takardun haihuwar babu rana babu wata, sai dai a ce an haife ta wajajen shekara kaza. Harafi ɗaya in ya saɓa tsakanin fasfo da takardar aure da lambar NIN, ya isa a mayar da mutum gida sau biyar. A ɗauki rubutun da ke cikin fasfonta a bi shi a ko'ina, a kuma kai takardun wurin mai fassara da hukuma ta yarda da shi. Katin allurar shawara shi ma a ajiye shi tare da fasfo.

Na uku, zama ɗan ƙasa. Sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ba matar da ke auren ɗan Nijeriya, ko wadda ta taɓa aurensa, damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, kuma sashe na 28 bai tilasta mata barin ƙasar da take tata ta haihuwa ba. A lura da wannan lafazi na wadda ta taɓa aure, domin ya haɗa da wadda mijinta ya rasu da wadda aka saka. Amma da me za ta tabbatar da auren in shaidu sun mutu, limamin ya ƙaura? Akwai rantsuwar biyayya a cikin sharuɗan, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba, ba dole ba ne, izinin zama ya wadatar. Abin da ba shi da uzuri shi ne a bar ta ba wannan ba wancan.

Shi kuwa baƙon da ya auri 'yar Nijeriya, wannan sashe bai san da shi ba. Hanyarsa ita ce sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara 15. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da ƙudurin da zai daidaita wannan, kuma aka kammala gyaran tsarin mulki na 2023 ba a taɓa shi ba. Nijar kuwa tun 2014 ta gyara dokarta, ta yarda da riƙe ƙasa biyu, ta kuma ba mace damar ba mijinta baƙo ƙasarta. Saboda haka ɗan uwan da zai aurar da ƙanwarsa ko 'yarsa ga ɗan uwa daga Ƙonni ko Injamena, ya san wannan tun kafin a sa rana, a yi magana a fili kan inda za a zauna.

Na huɗu, 'ya'ya. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa ko a wajen Nijeriya ne, in ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Amma haƙƙin da ba a rubuta ba, da baki kawai yake. Al'ada ce mace ta koma gida goyon ciki ko wankan jego, sai a haifi yaro a Tasawa, a raɗa suna, a dawo da shi Kano, ba a rubuta shi can ba, ba a rubuta shi nan ba. Sai ya girma ya zo jarrabawa ko neman fasfon aikin Hajji a ce ya kawo shaidar ƙaramar hukumarsa. Rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya wajibi ce tun dokar 1992, kuma a cikin kwana 60 na farko ake so a yi ta. Wanda ke son ganin ƙarshen sakaci ya dubi 'ya'yan Takari a Makka da Jidda, waɗanda aka haifa a can suka girma a can, ba su da takardar can ba su da ta nan, ranar da aka kama su a jefo su jirgi zuwa ƙasar da ba su san kowa ba.

Sai maganar haraji. Matsayin Musulunci a kan dukiyar da ake karɓa ba bisa haƙƙi ba sananne ne. Shehu ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin alamomin mulkin zalunci a Kitabul Farƙ, kuma talakawan Kano da Kaduna ba su manta da ranar da gwamnatocin PRP suka soke haraji da jangali a 1979 ba. Haraji ba ya zama zakka, kuma wanda aka karɓe wa haraji zakkarsa tana nan a wuyansa. To amma sanin doka shi ne ke hana a yi wa mutum zalunci biyu, na doka da na ɗan shinge. A Nijeriya kowa da lissafinsa, ba a haɗa na miji da na mata. Baƙon da ya yi kwana 183 a cikin wata 12 ana ɗaukarsa mazauni a wajen haraji, saboda haka matar da ta buɗe shagon ɗinki ko take koyarwa ana biyanta ta shiga lissafi. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, mai fara aiki daga Janairun 2026, ta ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Mai ƙaramin ƙarfi da ya san wannan ba zai bari a razana shi ba. Duk abin da aka biya kuwa a karɓi rasit a adana, domin sau da yawa ana neman shaidar haraji wajen neman takardun zama ɗan ƙasa. Abin da aka miƙa ta tagar mota ba rasit sunansa rashawa, ko da an kira shi na goro.

Kayan biki su ma abin lura ne. A 2016 hukumar kwastan ta hana shigo da shinkafa ta iyakokin tudu, daga Janairun 2017 aka hana motoci, taliya da man girki kuwa sun daɗe cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su. Me ake kaiwa gara in ba buhun shinkafa da jarkar mai da katan ɗin taliya ba? Ita ma Nijar a Oktoban 2024 ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba na ƙawancenta ba. Ke nan iyayen amarya na iya tara abin da suka tara shekara guda, ya ƙare a sito na kwastan. Mafi sauƙi a sayi abin da za a saya a garin da amarya za ta zauna, mafi alheri kuma a rage wannan nauyi da Shari'a ba ta ɗora wa kowa ba. Wanda zai tsallaka da kuɗi da suka haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinsu, doka ta ce ya bayyana su a bakin iyaka, in ba haka ba a ƙwace, a kuma gurfanar da shi.

Akwai kuma wani nau'i na auren ƙetare da ya kamata a faɗi gaskiya a kansa. Shi ne na saurayin da ya kwana a kan Facebook yana farautar Baturiya, ba don addininta ba, ba don halinta ba, sai don biza. Yaudara haramun ce ko wa aka yi wa, Musulma ce ko ba Musulma ba. Sannan abin da yake hange ba haka yake ba. Ingila ta ɗaga mafi ƙarancin abin da mai ɗauko miji ko mata zai riƙa samu a shekara daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a Afrilun 2024. A Amurka, in auren bai kai shekara 2 ba, katin zama na wucin gadi ake bayarwa, kuma auren bogi don takarda hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar dala 250,000 tun dokar 1986. Dokarsu ta hana shiga ga wanda zai je ya zauna da mace fiye da ɗaya. Kuma Amurka tana bin ɗan ƙasarta da lissafin haraji duk inda yake a duniya, har asusun bankinsa na waje in ya haura dala 10,000 sai ya kai rahoto, ke nan asusun haɗin gwiwa da miji ya buɗe da ita a Kano yana cikin abin da za a kai. Wanda izinin zamansa ke rataye a sa hannun matarsa, ina ƙiwamarsa? Wanda ya yi shekaru yana la'antar ma'abota girman kai a muzahara, sannan ya je ya yi layi a ƙofarsu da takardar ƙarya, me ya rage masa?

Nauyi a nan ya hau kan kowa. Waliyyai su riƙa tambayar mai neman aure daga wata ƙasa yadda ya shirya wa takardun 'yarsu, kamar yadda suke tambayar sana'arsa da muhallinsa. Malamai masu ɗaura aure su tanadi littafi su riƙa rubutawa, su ba kowane ɓangare kwafi. Kowace da'ira ta nemi waɗanda suka san kan waɗannan ofisoshi a cikin 'yan uwa, lauyoyi da masu jin Faransanci da Larabci, su riƙa raka na baya fi sabilillahi, don a raba su da 'yan kamasho. Shi kuwa ango ya ba matarsa fasfonta da takardunta su zauna a hannunta, ya aika wa iyayenta kwafi, domin riƙe takardun mace don a tsare ta zalunci ne irin na masu shinge.

La shakka ranar da al'umma za ta koma ɗaya, a ɗebe waɗannan sanduna daga kan hanya, tana nan tafe insha Allahu, kuma don ita ake gwagwarmaya. Amma kafin ta zo, mace amana ce da aka karɓa da sunan Allah, kuma za a tambayi kowane makiyayi abin da aka ba shi kiwo. Ɗan uwan da ya ɗauko 'yar mutane daga wata ƙasa, makon nan ya buɗe akwati ya duba abin da ke akwai da abin da babu, ya fara da takardar aure da ta haihuwar yara.

Allah Ya sanya albarka a gidajen 'yan uwa, Ya kare raunana daga sharrin azzalumai, Ya haɗa kan al'ummar Manzonsa (S). Wassalam.